Ciyawar ado ta koma yalo duk da ban ruwa safe da yamma, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema. Wata takwas ke nan da muka tare a sabon gida, aka dasa mana ciyawar ado a fili da fulawowi a jikin katanga, iksora da bugenbiliya. Wata ukun farko abin gwanin sha'awa, kore shar. Yanzu kuwa ciyawar ta koma yalo, wasu wuraren ma ta mutu sai ƙasa, ga shi kullum safe da yamma ana ba ta ruwa ba fashi, na sa NPK har sau biyu amma ba ta sake zani ba. Iksorar sabon ganyenta fari-fari yake fitowa, ita kuma bugenbiliyar sai tsawo da ganye, ko fure ɗaya babu. In ƙara taki ne ko in sa a tuge duka a sake sabo?"

Wa alaikumus salam Hajiya. In na fahimce ki da kyau abu uku ne ke damun ki, ciyawa na mutuwa, iksora ta koɗe, bugenbiliya ta ƙi fure, kuma kina ganin kin yi duk abin da ya kamata tunda ruwa bai yanke ba taki ma kin sa. To amsata a taƙaice ita ce kar ki ƙara taki yanzu, kar kuma ki tuge komai tukuna. Abubuwan nan uku da kike gani daban-daban, a gani na tushensu ɗaya ne ko biyu, yadda ake ba da ruwan da kuma irin ƙasar da ke ƙarƙashi. Kalmomi biyu ne a cikin tambayarki suka fi ja min hankali, "sabon gida" da "safe da yamma", kuma a kansu zan fi daɗewa.

Fara da tona ƙasar

Kafin komai ki sa a ɗauko shebur a yanko ƙasar ciyawar kamar zurfin santimita 20, guda a inda ta mutu, guda a inda take da sauran kore, a ɗago su gaba ɗaya da ciyawar a kai a ajiye su gefe da gefe. Ni duk gidan da aka kira ni kan irin wannan matsalar abin da nake fara yi ke nan tun kafin in saurari dogon bayani, saboda abin da ido ke gani a sama sakamako ne kawai. Ki duba saiwar. Lafiyayyar saiwa fara ce sol ko ta ɗan yi ruwan madara, tana da ƙarfi in kin ja ta, kuma ya kamata ta nutsa santimita 10 zuwa 15 ko fiye. In kika ga duk saiwar ta cunkushe a santimita 3 ko 4 na sama, ta yi baƙi-baƙi, in kin murza ta a yatsa fatarta ta saɓule, ƙasar kuma tana wani ɗan warin ruɓa, to ruwa ne ya yi yawa, ba ƙaranci ba.

Sai ki duba abin da ke ƙasan baƙar ƙasar. A sabbin gidaje abin da aka saba shi ne magina su gama aiki su bar ɓaraguzan bulo, busasshen siminti, tsakuwa, buhunan siminti, wani lokacin har da wurin da aka riƙa kwaɓa kankare wanda ya daskare ya zama daɓe, ga motocin yashi sun bi ta kai sun danne ƙasar ta yi tauri, sai a kawo baƙar ƙasa a shimfiɗa ɗan siriri a kai a dasa ciyawa. Wata biyu uku na farko za ta yi kyau mana, ai tana cin abin da ke cikin wannan 'yar shimfiɗar ne, da ta cinye kuma saiwa ta nemi gangarawa ta tarar da tauri sai labari ya canza. Lokacin da kika ce abin ya fara lalacewa ya yi daidai da wannan sosai.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko ki haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika shi da ruwa ki bari ya tsotse, ki sake cikawa, sannan ki auna yadda yake sauka. In yana sauka santimita 2 da rabi zuwa 5 a awa ɗaya ƙasar tana shan ruwa yadda ake so. In kuwa kin dawo washegari kin tarar da ruwa kwance, akwai matsalar magudana. Na biyu ki ɗebi busasshiyar ƙasa daga gindin katanga inda iksorar take, ki ɗiga mata ruwan khal. In ta yi kumfa tana ƙara sssss to akwai sinadarin farar ƙasa a ciki, wanda galibi daga siminti da filasta yake zuwa, ki riƙe wannan za mu dawo kansa.

Maganar ruwa

Na san daga inda ban ruwan kullum ya samo asali, masu dashe ne suka ce a riƙa yi, kuma gaskiya suka faɗa, sabuwar ciyawa da ba ta kama ba tana son danshi kullum na sati biyu zuwa uku. Abin da ba su faɗa ba shi ne bayan ta kama sai a canza tsari. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, in kullum ƙasar a jiƙe take ruwa ya cike gurbin iskar, saiwar ta shaƙe ta fara ruɓewa, kuma saiwar da ta ruɓe ba ta iya ɗaukar ruwa ko taki, shi ya sa za ki ga shuka tsaye cikin laima amma tana yaushi tana yalo, mai gida ya ga haka ya ce ƙishi ne ya ƙara ruwa. Haka abin ke ta zagayawa. Sannan yayyafin minti biyar da ake yi da tiyo, saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa kuma inda ruwa yake nan take zama, ba za ta wahalar da kanta ta nutsa ba, ranar da aka yi fashin ruwa ko rana ta yi zafi sosai sai ta ƙone nan take. Ban ruwan yamma shi ma da nasa, ganye ya kwana a jiƙe har gari ya waye, abin da cututtukan fumfuna suke so ke nan.

Ciyawar da ta riga ta kama, abin da take buƙata a sati kamar lita 25 ne a kowane murabba'in mita, wato ruwa mai zurfin milimita 25, har da na sama in an yi. Lokacin tsananin zafi da iska zai iya kaiwa 35 ko 40. A raba shi biyu ko uku a sati, da sassafe. In ƙasarki mai yashi ce uku ya fi tunda ba ta riƙe ruwa, in mai laka ce biyu ya isa, kuma a ba ta a hankali, in ruwa ya fara gudu a sama a tsaya a ba shi rabin awa ya shige sannan a ci gaba.

Yadda za ki san adadin, in da tiyo ake yi ki ɗauki bokiti mai lita 10 ki duba agogo ki ga daƙiƙa nawa yake cika. A ce ya cika a daƙiƙa 30, to tiyonki na ba da lita 20 a minti. In filin murabba'in mita 40 ne, lita 1000 yake so a sati, minti 50 ke nan, sau biyu minti 25-25. In kuma abin fesawa mai juyawa ne gare ki sai ki jera gwangwanaye masu miƙaƙƙen jiki a wurare daban-daban, ki kunna na minti 15 ki auna ruwan da ya taru da rula, a nan ma za ki gane ko akwai kusurwar da ruwan ba ya kaiwa, sau da yawa ma wannan kaɗai ke bayyana dalilin wani busasshen gefe.

Amma fa kar ki yanke ruwan farat ɗaya, saiwar yanzu gajera ce ba za ta jure ba. Satin farko a daina na yamma kawai. Sati na biyu da na uku a koma kwana ɗaya a tsallake ɗaya, ana ƙara yawan da ake bayarwa a kowane karo, daga nan a koma duk kwana uku. Ita ciyawar ma tana faɗa in tana jin ƙishi, launinta zai ɗan dusashe ya yi toka-toka, ganyen ya naɗe, in kika taka kika wuce sawunki zai zauna bai tashi ba. Da kin ga haka a ba ta washegari da safe. Bayan an ba da ruwa da awa ɗaya ko biyu a soka dogon sukundireba, in ya shige santimita 15 ba gardama ruwan ya kai inda ake so.

Wani abin da zai tabbatar miki ruwa ya yi yawa shi ne aya-aya, in kin ga tana ta ɓullowa tana fin ciyawar saurin tsawo, in kin murza karanta za ki ji kusurwa uku gare shi. Tana son ƙasa mai laima ƙwarai, kuma cire ta da hannu sai an haɗa da 'ya'yan da ke ƙasa in ba haka ba ta dawo.

Wuraren da suka mutu kuma ki kalli siffarsu don tana ba da labari. In tabon miƙe yake ɗoɗar ko mai kusurwa huɗu, akwai abin da aka binne a wurin, kankare ko murfin rami ko bututu. In ya bi hanyar da ake takawa zuwa ƙofa ko wurin shanya, dannewa ce. In zagaye ne ƙarami, tsakiya a ƙone gefe kuma kore shar fiye da ko'ina, ko fitsarin kare ne ko taki ne ya zube da yawa a wurin. In kika kama ciyawar ta ɗago gaba ɗaya kamar tabarma ba saiwar da ta riƙe ta, tona ki gani, za ki tarar da gwazarma farare a lanƙwashe suna cin saiwa. Masu cin ganye kuwa da dare suke fitowa, sai ki zuba sabulun wanke-wanke na ruwa cokali biyu a lita 4 zuwa 8 na ruwa, ki kwarara a murabba'in mita ɗaya a bakin tabon, cikin minti 10 in akwai tsutsa za ta fito sama. Ki yi wannan kafin ki sayi maganin feshi, don ni ban yarda da fesa guba a filin da yara ke wasa ba alhali ba a ma ga ƙwaron ba.

Ba ki faɗi irin ciyawar ba, kuma yana da muhimmanci. Bamuda, wato ƙiri-ƙiri mai siririn ganye, tana jure fari da tattaki amma ba ta da haƙurin inuwa ko kaɗan, sai ta samu rana ta awa 6 zuwa 8. Kafet giras mai faɗin ganye ta fi jure inuwa amma ta fi son danshi. In wurin da ya mutu gindin bishiya ne ko lungun da katanga ke tare rana yawancin yini, babu takin da zai gyara shi, ko a canza irin ciyawa ko a haƙura a sa tsakuwar ado da shuke-shuken inuwa, wanda ni a gani na ya fi kyau ma a kan ciyawar da ake ta lallaɓawa.

Yanka shi ma yana kashe ciyawa. Ƙa'idar ita ce kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. Abin da aka fi yi shi ne a bar ta ta yi tsawo wata guda sannan a zo a aske ta ƙwal har ƙasa, duk koren ganyen da take dafa abinci da shi ya tafi sai kara, rana ta doki gindin. Bamuda a bar ta santimita 3 zuwa 4, masu faɗin ganye 5 ko sama da haka. Wuƙar injin ma a wasa ta, in kin duba bakin ganye kin ga ya yi zare-zare fari to yaga shi ake yi ba yanka ba.

Taki sai daga baya

Bayan sati uku ko huɗu da gyara ban ruwa, in kin ga sabon tofo, sannan a yi maganar taki. Kafin nan a ɗauki shebur mai yatsu a bi filin ana sokawa zurfin santimita 10 zuwa 15 ana ɗan girgizawa, tazarar taƙi ɗaya tsakanin huda da huda, lokacin da ƙasar ke da ɗan danshi ba caɓi ba. Sai a tankaɗe ruɓaɓɓen takin gargajiya a barbaɗa siriri, kar ya wuce santimita 1, a bi da manjagara ya shiga ramukan, ganyen ciyawar ya kasance yana leƙowa. Ruɓaɓɓe na ce, wanda ya huce ya daina wari ya yi baƙi, ɗanyen kashin kaji ƙona ta zai yi, ɗanyen na shanu kuma ya cika miki fili da irin ciyayin da ba ki gayyata ba. Kuma kar wani ya ce ki zuba yashi a ƙasa mai laka wai don ta saki, ɗan yashi kaɗan a cikin laka ƙara mata tauri yake yi.

Na zamani kuwa, abin da ciyawa ta fi ci naitirojin ne, kuma giram 5 nasa a murabba'in mita ya isa a sawa ɗaya. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, ke nan kamar giram 11 kacal a murabba'in mita, filin nan na mita 40 kamar giram 440 ya ishe shi, bai kai rabin kilo ba. In NPK 15-15-15 ne kamar giram 33. Mutane in na auna musu sukan ce wannan ɗan abin? To shi ne, wanda ya wuce haka gishiri ne a wurin saiwa, janye mata ruwa yake yi. A raba biyu, rabi a watsa ta tsawo rabi ta faɗi, ganye a bushe, a bi da ruwa nan take. Ni a filinki zan ajiye NPK ɗin tukuna, sau biyun da kika sa ya ba da fosfaros mai yawa, shi kuma in ya taru yana ƙara hana shuka ɗaukar sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da ganye ke buƙata don ya yi kore.

Inda ya mutu gaba ɗaya, a haƙa a kwashe ɓaraguzan, a cike da ƙasa mai kyau aƙalla santimita 15 a cakuɗa ta da ta ƙasan kar a bar su hawa-hawa, a yanko 'yan gutsattsari daga gefen da ke da lafiya a dasa tazarar santimita 20 zuwa 30, za su yaɗu su haɗe. Waɗannan kam kullum za a ba su ruwa har su kama.

Iksora da bugenbiliya

Ki lura da wane ganye ne ya koɗe. In tsofaffin ganye na ƙasa ne suka yi yalo gaba ɗayansu, naitirojin ne ya yi ƙaranci, domin shuka tana iya kwashe shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Ayon kuwa ba ya tashi daga inda ya zauna, shi ya sa ƙarancinsa a sabon ganye yake bayyana, ganyen fari-fari ko yalo amma jijiyoyinsa kore, wanda shi kika kwatanta. Kuma yawanci ba wai babu ayon a ƙasar ba ne, akwai, ɗaurewa ya yi. Iksora tana son ƙasa mai ɗan tsami, a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, tsakanin 5 da 6, ciyawa kuwa 6 zuwa 7 ya yi mata. Siminti yana tura ma'aunin sama da 7, a nan ayon ba ya narkewa, ga kuma laima ta raunana saiwa, abu biyu sun haɗu. Dasa iksora a jikin sabuwar katanga da aka yi wa filasta kuskure ne da masu dashe ke yawan yi don wurin ya fi ɗaukar ido.

Feshin ayon salfet a ganye zai sa ta yi kore na ɗan lokaci, amma ganyen da aka fesa kaɗai, sabon da zai fito haka zai fito a koɗe, kuma a kula yana ɓata siminti da tayil da tabon tsatsa. In za ki sayi ayon na zubawa a gindi ki duba a rubuce EDDHA, shi ne ke aiki a ƙasar da ma'auninta ya hau, mai EDTA da an wuce 6 da rabi ƙarfinsa ya fara raguwa. Farar wuta tana sauke ma'aunin amma sai a hankali cikin watanni, kuma in gwajin khal ɗin nan ya yi kumfa sosai ɓata kuɗi ne, simintin zai ci gaba da cinye tsamin. A irin wannan halin gara a ciro iksorar da ƙasar gindinta a mayar da ita babbar tukunya mai huda a ƙasa, ko a canza ƙasar kwarin gaba ɗaya zurfin santimita 40 a ɗan ja da baya daga katangar.

Bugenbiliya ita ce mai sauƙi a cikinsu, lafiyarta ƙalau, daɗi ne ya yi mata yawa. Asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma halinta shi ne in ta samu ruwa da naitirojin yadda take so sai ta yi ta reshe da ganye, ba ta fure sai ta ɗan ji jiki. Tunda a bakin ciyawa take, duk ruwa da takin da ake zuba wa ciyawar ita ma tana sha. A daina ba ta ruwa sai ƙasar gindinta ta bushe zurfin yatsa, har ganyen ya ɗan fara langaɓewa, sannan a ba ta sosai a sake barin ta. Taki a ɗage mata shi gaba ɗaya yanzu. Tana son rana aƙalla awa 6. A sabon reshe take fure, don haka mai yi mata aski da almakashi duk sati don ta yi siffa shi ke yanke furen tun bai fito ba, a datse dogayen rassan sau ɗaya a ƙyale ta, a sa safar hannu saboda ƙaya. Kar a ce za a ciro ta a canza mata wuri, saiwarta ba ta son taɓi. In zai yiwu a cire ciyawar da ke zagaye da gindinta kamar rabin mita a yi ɗan kan iyaka, a rufe wurin da busasshen ganye kaurin santimita 5 ba tare da ya taɓa jikin itacen ba, saboda ruɓa da gara.

Duk wannan daga bayaninki na gina shi Hajiya, ban taka filin ba, abin da shebur ya ɗago shi zai yanke hukunci. Akwai kuma abin da hannu da ido ba sa aunawa, ainihin lambar pH da yawan gishirin da ke cikin ruwan da ake ban ruwan da shi. In kina ganin farin ɓawo a saman ƙasa ko a bakin tukwane bayan ruwa ya bushe, kuma bakin ganyaye na ƙonewa, ki kai ƙasar da ruwan ɗakin gwaji, a ɗebi ƙasar daga wurare biyar ko shida zurfin santimita 10 zuwa 15 a cakuɗa, ta gindin katanga kuma a ƙulle ta daban. Tugewa gaba ɗaya sai in an tona wurare da dama duk an tarar da daɓen kankare ko ɓaraguzai a zurfin da bai kai santimita 10 ba, ko kuma fiye da rabin filin ya riga ya mutu. In ba haka ba ki ba ta sati shida zuwa takwas a kan sabon tsarin ruwan, sannan a sake yanko ƙasa kusa da inda aka yanka da farko a gwada tsawon saiwar da na wancan karon.